Ranar da Na Kora 'Yan Biki Cikin Masara

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya kai ni ga manta sunayen jikokina, da yammacin da na watsa biki guda, ni kaɗai, da taɓarya a hannuna. Har yau in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi, can kuma in kama kaina ina murmushi. Bari dai in faro muku daga tushe, don in na fara da masarar ba za ku gane ba.

Mu mutanen Kakangi ne, ni da maigidana Baban Hafsa da 'ya'yanmu uku. Noma muka tashi muka tarar, shi muka iya. Da lamarin 'yan bindiga ya kai ga ko gona ba ta zuwuwa, sai muka ɗaure abin da ya ɗauru muka shigo Birnin Gwari. Gidan wani ɗan'uwansa muka sauka a cikin gari, ɗaki ɗaya, mu da yara da buhunan masara da wani keken ɗinkina da ya daɗe da ajiye aiki. Matar gidan mutuniyar kirki ce, ba zan zalunce ta ba, amma ko kirki yana gajiya. Na fara lura da yadda take dire kwano da ƙarfi in yarana sun gifta. Baban Hafsa ya sayar da shanun huɗarsa ya sayi babur ya shiga acaba, ni kuma na ɗaura ɗamarar neman mana wurin zama.

A bayan gari, inda da can gonaki ne, akwai wata unguwa da ke tashi, ana ce mata Sabon Fegi. Wanda bai zauna a irin wannan wuri ba ba zai gane ba. Kullum tifa tana juye yashi, masu buga bulo suna yi tun sanyin safiya, gidan da ka yi kwatance da shi makon jiya yau an gina wani a gabansa ya tare shi. Layuka ba su da suna, sai dai ka ji "layin mai cajin waya" ko "layin bohol". Ga gida mai get da fenti, kusa da shi kango, kusa da kangon kuma fulotin da mai shi bai tashi gini ba, an cika shi da masara da kuɓewa. Ni dai ina ganin wurin na ji ya kwanta mini, musamman da na ga makaranta a kusa, wadda babbar 'yata Hafsa za ta iya zuwa da ƙafa ba tare da zuciyata ta bi ta ba.

Ɗakunan haya masu kyau a unguwar na Hajiya Asabe ne. Babbar mace ce mai sayar da atamfa da leshi, da haƙorin Makka, da wani irin kallo da ke sa ka duba ko rigarka a karkace take. Gidanta mai tayil ne, a jikinsa ta fitar da ciki da falo guda uku. Sai dai duk wanda na tambaya, amsa ɗaya ce: Hajiya ba ta ba 'yan gudun hijira ɗaki. Wai ba ta son fitina, wai a cikin mutanen ƙauye ake samun masu kai wa 'yan daji rahoto, ranar da aka zo kama mutum a gidanka kuwa sunan gidan ya ɓaci. Maganar ta yi mini ciwo, don mu da muka gudo daga hannunsu, mu ne kuma ake wa kallon 'yan aikensu.

Duk da haka na ari mayafi da jaka da takalmi mai tsini wajen matar gidan da muke (ta ba ni da saurin da ya nuna ita ma addu'a take a dace), na tafi. Hajiya ta dube ni daga sama har ƙasa, ta ɗan daɗe a kan dugadugaina, sannan ta ce, "Daga ina kuke?"

Wallahi ban shirya ba. Bakina ne ya riga ni. "Daga Kaduna, Hajiya."

(Ba ƙarya ce tsagwaronta ba. Ina budurwa na taɓa jinyar gwaggona a wani asibiti a Kaduna. Na ga gada, na sha lemon kwalba, na dawo.)

"Wace unguwa?"

"Ta nan wajen gada."

"Kawo ke nan?"

"Ita, Hajiya."

Ta gyaɗa kai. Ta ce, "To, ku shigo. Amma ni ba na ƙulla magana da mutum sai na ga kamun ludayinsa. Ku zauna zuwa kaka. In halinmu ya zo ɗaya, ku ci gaba. In na ga abin da bai yi mini ba, ƙofar da kuka shigo ba ta toshe ba."

Da na koma na ba Baban Hafsa labari, ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Ke? Kaduna? Ke da ko titin tasha ba kya tsallakawa sai kin riƙe mini riga?"

Na ce, "Kai dai ka yi shiru. In an tambaye ka, ka ce aiki ne ya kawo mu."

"Wane aikin? Acabar ce aka yi mini canjin wurin aiki?" Ya girgiza kai. "Ni ba zan yi ƙarya ba, Maman Hafsa. Amma ba zan tona ki ba."

Haka muka tare. Ranar da na rufe ƙofar ɗakina da makullina, na kwanta na miƙe ƙafa ban taɓa kowa ba, sai da na yi hawaye. Na ce a raina ko da me za a yi, ba mai fitar da ni daga nan.

To amma zama 'yar Kaduna aiki ne, jama'a. Na daina durƙusawa har ƙasa in zan gaida manya, na koyi gaisuwar tsaye, a ɗan rusuna kamar mai ciwon baya. Tuwon dawa da miyar kuka sai na turo ƙofa nake tuƙawa, a tsakar gida kuwa taliya nake ɗorawa don a gani. Dugadugaina suka sha dutse da basilin har suka fara neman afuwa. Yara na ja musu kunne, ƙaramin ma na ce in an tambaye shi garinsu ya ce bai sani ba, shi kuwa ya riƙe wannan da gaske, har a makaranta. Ba a jima ba layi ya sa mini suna 'Yar Kaduna, ni kuma ina amsawa ina gyara mayafi.

Maƙwabciyata ta ɗakin kusa, Maman Rahila, 'yar Gbagyi ce, Kirista, mai sayar da doya soyayya a bakin bohol. Ita ma ta ce daga Kaduna suke, Sabon Tasha. Jininmu ya haɗu tun ranar farko, muna aron gishiri, muna duba wa juna yara. Abu ɗaya ne ba ma taɓawa. Duk sa'ad da wata ta ɗauko hirar Kaduna a gabanmu, sai ita ta tuna ta bar tukunya a wuta, ni kuma in tuna shanyata. A lokacin na ɗauka dace ne kawai.

Duk na iya ɓoye komai, ban da kunnena. A nan dole in ɗan ajiye wasa. A ƙauyukanmu na bakin daji waya ba kullum take shiga ba, ihu kuwa nuna wa 'yan bindiga inda kake ne. Don haka mata suka san yadda suke yi. Duk wadda ta fara jiyo ƙarar babura masu yawa daga ɓangaren daji, sai ta kifar da abin da ke cikin turminta, ta hau dukansa wayam, da sauri, ba irin na daka ba. Turmin da ba komai a cikinsa kukansa daban ne, wanda ya taɓa ji ba ya mantawa. Gidan gaba su karɓa, na gabansu su karɓa. Wadda ta ji, ba tambaya: ta suri yaron da ya fi kusa da ita, nata ne ko ba nata ba, ta zubar da takalmi, ta cire mayafi mai haske, ta kashe waya, ta faɗa cikin dawa ko masara ta kwanta. Wannan abin ya tsirar da mu ba sau ɗaya ba. Ni kuma, ba yabon kai ba, a unguwarmu ni ce mai kunnen. Nakan ji su tun karnuka ba su ji ba.

Ana tsakiyar damina, masara ta fi mutum tsawo, sai aka sa bikin Nura, ɗan Hajiya, da wata yarinya daga cikin gari. Aka fitar da anko, ruwan ɗorawa mai ɗaukar ido. Hajiya ta aiko aka kira ni, ta ce, "'Yar Kaduna, ke za ki riƙe mini dafa-dukar yinin biki. Ku kuka iya ta zamani." Na fito ina jin kamar an ba ni sarauta. Na san jarrabawa ce. In shinkafar nan ta yi, ɗaki ya zama namu, kaka ta zo ta wuce.

Abin da ban sani ba shi ne, ruwan da aka yi a makon ya cinye kwalbatin da ke haɗa Sabon Fegi da titi, mota ba ta iya shigowa. Don haka aka shirya a ɗauko amarya da 'yan rakiyarta a kan baburan 'yan acaba, su zagayo ta hanyar baya, ta tsofaffin gonaki. Wato ta ɓangaren daji. Kuma don Allah ku ji wannan: Baban Hafsa yana cikin masu ɗaukowar. Ya ce ya faɗa mini da safe. Na yarda ya yi magana, don na tuna bakinsa yana motsi lokacin da nake kokawa da ɗaurin ɗankwali a gaban madubi, na kuma tuna na ce, "To, to, Allah ya ba da sa'a."

Bayan la'asar gida ya cika maƙil. Mata sun zauna a kujerun roba ƙarƙashin rumfa, yara suna tsalle, mai kiɗa ya ƙure lasifika har ƙirjin mutum yana rawa. Ni ina bayan gida wajen murhu, tukunya ta biyu tana kan wuta, ta fari kuwa an riga an fara rabawa. Har wata ta leƙo ta ce Hajiya ta ɗanɗana ta ce ba laifi. "Ba laifi" a bakin Hajiya Asabe daidai yake da guɗa a bakin wata. Ina tsaye kusa da turmi ina jajjaga attarugu, ina lissafin inda zan kafa igiyar shanya ta dindindin, sai man janareta ya ƙare. Kiɗa ya ɗauke ɗif.

A cikin shirun nan na ji su.

Can nesa, ta yamma, ta inda dajin yake. Ba ɗaya ba, ba biyu ba. Wannan gurnanin da babura ke yi in suna tafe a jere, a kan hanyar ƙasa, ba sa sauri ba sa tsayawa. Ban tuna biki ba, ban tuna Hajiya ba, ban tuna ni 'yar Kawo ce ta wajen gada ba. Abin da na gani kawai yara ne cike da tsakar gida. Na sa ƙafa na kifar da turmin, attarugu ya watse, na tayar da shi na hau duka da duk ƙarfin da Allah ya ba ni.

Ga abin mamakin da a lokacin ban ma tsaya na yi mamakinsa ba. Kafin in yi nisa sai na ji wani turmin ya karɓa daga layin bohol. Wani kuma ya amsa daga bayan kangon mai cajin waya. A Sabon Fegi! Unguwar da kowa daga Kaduna yake, ko Zariya, ko Minna!

Na jefar da mayafi, na fice daga takalmi, na suri wani yaro da ke tsaye yana lasar cokali. Da na zagayo tsakar gida, mata suna ɓacewa ta ko'ina, ba ihu, ba hayaniya, kowace da yaro a hammata. Akwai wata guntuwar katanga tsakanin gidan Hajiya da fulotin masarar da ke kusa. Ni da ke nishi in zan hau babur, ban san lokacin da na tsallake ta ba, da zanin anko da ɗan mutane. Na rarrafa zuwa tsakiyar masara na kwanta rub da ciki, na toshe wa yaron baki da tafin hannu. Ƙasa a jiƙe take. Cinnaku suka ce sannu da zuwa.

Ina kwance ina karanto duk abin da ya zo bakina, sai na ji numfashin mutum a damana. Na ɗan juya ido. Ƙafa na fara gani, ta sha lalle, amma ƙarƙashin lallen ga tsohon faso irin wanda gona kaɗai ke yi wa mace. Na bi ƙafar da kallo zuwa sama. Leshi mai tsada an juya shi bai-bai don kada ya yi ƙyalli, ɗankwali an danne shi ƙarƙashin ciki, waya a kashe a hannu. Bakin yana motsi da salati, haƙorin Makka yana leƙowa.

Hajiya Asabe ce. Ta ma riga ni isa.

A haguna kuma, bayan kunya biyu, Maman Rahila ce kwance da ƙaramin ɗana a ƙirjinta, tana addu'a ƙasa-ƙasa da Gbagyi.

Baburan suka matso. Suka matso. Na runtse ido. Sai kawai na ji hon. Hon iri-iri, ana danna shi da nishaɗi, wani ma har da salo. Sai guɗa. Sai muryoyin 'yan mata suna waƙar rakiyar amarya. Ni dai a duk zaman da na yi a bakin daji, ban taɓa jin 'yan bindiga sun shigo gari da guɗa ba.

Masara ta yi tsit. Na so ƙasar nan mai laushi ta ƙara laushi ta haɗiye ni. Can Hajiya ta juyo da kanta a hankali, kumatunta da taɓo, ta ce cikin raɗa, "'Yar Kaduna."

"Na'am, Hajiya."

"Ke kika buga turmin nan?"

"Ni ce, Hajiya."

"A Kawo ake koyar da shi?"

Na ce, "Kakangi, Hajiya."

Maman Rahila ce ta kasa riƙe dariya, ta cusa fuska cikin ƙasa kafaɗunta suna rawa, ta ce, "Wayyo Yesu, ni 'yar ƙauyen Kazage ce." Daga can cikin masara wata murya da ban gane ba ta ce, "Ashe muna da yawa." Da na sake waigawa dama, Hajiya ba ta nan. Ta sulale ta baya, sai ganyen masara da ke kaɗawa.

Daga baya aka ba ni labarin abin da amarya ta tarar. Rumfa wayam, kujeru a kife, takalma zube ko'ina kamar ƙofar masallacin Juma'a, tukunyar shinkafata tana hayaƙi baƙi, wata akuya ta tura kai cikin kular shinkafa. Waɗanda suka rage su ne mai kiɗa, da mai hoto, da wasu mata 'yan asalin cikin gari da ke tsaye da cokula a hannu suna kallon juna. Gwaggon amarya ta sauko daga babur ta ce, "Ina mutanen gidan? Mun kawo 'yarmu gidan da ake gudun ta?"

Aka zuba wa janareta mai. Sai na ji muryar mai kiɗa ta lasifika, unguwa duka tana ji: "Jama'ar da ke cikin masara, don girman Allah ku fito. Amarya ce. Ina maimaitawa, amarya ce." Mata suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya, kowace tana kaɗe zani tana kallon wani wuri daban. Ni na ce nan zan zauna har a girbe masarar a girbe da ni. Sai na ji muryar da na fi sani a duniya, ba ta ma bukatar lasifika: "Maman Hafsa! Fito, ga takalminki nan na gani kusa da turmi!"

Na fito. Ba ɗankwali, gemun masara a kaina, ankon ruwan ɗorawa ya koma ruwan ƙasa, ƙafa ba takalmi. A hannun hagu ɗan mutane, wanda sai a lokacin na gane jikan Hajiya ne, har yanzu da cokalinsa. A hannun dama kuwa, taɓarya. Ban san na taho da ita ba. Na tsallake katanga da ita, na kwanta da ita, ga shi na fito da ita gaban dangin amarya, gaban 'yan acaba, gaban mai hoto da bai yi ƙasa a gwiwa ba. Ba sai an tambayi wa ya buga turmi ba. Dariya ta fara daga 'yan acaba ta bi layi. A daidai lokacin Hajiya ta fito daga ƙofar falonta, tsaf, da sabon leshi da sabon ɗauri, tana cewa, "Lale marhabin da amarya, ina ciki ina salla ne." Ko inda nake ba ta kalla ba.

Da magariba Baban Hafsa ya shigo yana dariya har yana dafa bango. Ya ce, "Ni na ɗauko gwaggon amarya da kaina! Ashe ni ne ɗan bindigar!" Sai ya ga ina ninke kaya ina zubawa a buhu, dariyar ta tsaya. Na ce masa na yi ƙarya an kama ni, na ƙona shinkafar biki, na kunyata ta gaban surukai, sannan mafi muni na gan ta kwance cikin taɓo. Wace mace ce za ta so ta riƙa haɗuwa da wannan a ƙofar gidanta kullum? Hafsa tana zaune a bakin katifa da littafinta, ta ɗago ta ce, "Umma, to makaranta fa?" Duk abin da ya faru a ranar, wannan tambayar ce ta fi ƙona ni.

Da hantsi washegari na ji sallama. Hajiya ce da kanta, ita da ba ta taɓa taka ɗakin ɗan haya ba. Na shimfiɗa tabarma, na durƙusa har ƙasa na gaishe ta, irin ta gida, tunda ba sauran abin ɓoyewa. Ta dubi buhunan kaya, ta dube ni. Ta ce, "Kutemeshi."

Na ce, "Na'am?"

"Garinmu ke nan. Kuma ni na ba da shawarar a ɗauko amaryar a babura, na san da zuwansu sarai. Amma da na ji turmin nan, ƙafafuna ba su tsaya sun tambaye ni ba."

Ta murza zoben hannunta. Sannan ta faɗa mini a gona aka ɗauke mijinta, bai dawo ba. Ta shigo gari da 'ya'ya da ɗaurin atamfa ɗaya, ta sha kallon banza da raɗe-raɗi, har ta yi wa kanta alkawarin ba wanda zai sake jin sunan ƙauyensu a bakinta. Ta ce, "Ba don na tsani mutanenmu nake hana su ɗaki ba. In na gan su da ƙullin kaya, ranar nake tunawa. Sai na fake da zancen rahoto." Idanunta suka kawo ruwa, nawa ma suka taya su.

Can ta share fuska da gefen mayafi, muryar Hajiya Asabe ta dawo. "Jiya kafin in ankara an kwashe jikokina kaf. Wanda ke hannunki ma ba naki ba ne. Da a ce su ne da gaske, ko yaro ɗaya ba za su tarar a gidan nan ba. Na kwana ina tunanin wannan." Ta nuna buhunan da baki. "Kwance kayan nan. Ba maganar kaka. Ku zauna har Allah ya ba ku naku fulotin."

Na buɗe baki zan yi godiya, ta ɗaga hannu. "Ban gama ba. Shinkafar da kika ƙona za ki sake dafawa, ki ɗauka da kanki ki kai wa dangin amarya, ki ba su haƙuri. Kuma in na ji kin ce kin gan ni a masara, ni da ke ne."

(Kada ku damu, ban ci amana ba. Yanzu ita ta fi kowa ba da labarin, har da kwaikwayon yadda na tsallake katanga.)

Tana fita na rangaɗa guɗa, ta ƙauye, mai tsawo, wadda na yi watanni ina dannewa. Maman Rahila ta amsa daga ɗakinta. Hafsa ta ɗauki jakarta ta tafi makaranta a makare, tana tafe tana tsalle. Da yamma na ɗora kula a kai, na bi ta karyayyen kwalbatin nan har cikin gari. Gwaggon amarya ta so ta ɗaure fuska, amma tana tambayata ina na baro taɓaryar sai ta fashe da dariya, muka ci shinkafar tare. Ta ce ta fi ta jiya, na ce ai ta jiya akuya ce ta ba da shaida.

Daga ranar Sabon Fegi ta saki jiki. Matan da muka kwanta kunya ɗaya da su suka fara gaisawa da sunayen garuruwansu na gaskiya, har aka gano wasu ma dangi ne. Tuwon dawa ya fito tsakar gida, ƙamshin daddawa ya cika layi. Da ɗan hayar ɗakin Hajiya na uku ya tashi, wasu mutanen Kakangi ta ba, ni na kai su. Sunan 'Yar Kaduna ya bi ruwa, yanzu Mai Turmi ake kirana, har masu kawo yashi da gidanmu suke kwatance.

Abin da na koya dai shi ne, in za ki canza gari da baki, ki fara shawara da ƙafafunki, don su ba su iya ƙarya ba, kuma a gaban jama'a suke faɗin gaskiya. Unguwa ma ta koyi nata darasin. Yanzu ba a ɗauko amarya a kan babura a Sabon Fegi sai an bi gida-gida tun da safe an sanar da mata. Ƙofata ake fara bugawa, kuma ba sa tafiya sai na maimaita musu abin da suka faɗa.